Sifinabet da ke karyewa a wuya: laifin waya ne ko na hannu?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Teksas ta Amurka, shekara biyu ke nan da abokan aiki suka koya mini fatsar kifin bas a tafkin Sam Rayburn. Abin da ya fi kama mini kifi shi ne sifinabet mai nauyin rabin oza, sai dai ba ya ƙarko. A bazarar nan kaɗai guda huɗu sun karye mini, uku a daidai inda nake ɗaura zare, ɗaya a gindin kai, biyu daga ciki ma da kifi a baki suka tafi. Kowanne kusan dala tara nake saye. Wani ya ce in koma na taitaniyom. Shin kayan ne ba su da kyau, ko ni ne nake wani kuskure?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka kashi biyu ce: me ke karya wayar a waɗannan wurare biyu, kuma ko sauya ƙarfe zai raba ka da matsalar. Wuraren da ka ambata su ne inda kusan kowane sifinabet ke mutuwa, mai tsada da mai araha. Saboda haka ban ga alamar an cuce ka a kanti ba. Abin da na fi zargi shi ne yawan lanƙwasawa da miƙarwa, kuma yawancinsa hannun mai fatsa ne ke yi, ba bakin kifi ba.

Saboda masu karatu na gida da ba su san abin ba, bari in siffanta. Bas, ba motar haya ba, kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, mai faɗin baki, ɗan farauta, wanda a siffa za ka ce ƙanin giwan ruwa ne. Shi kuwa sifinabet koton yaudara ne da aka gina a kan waya guda ɗaya da aka lanƙwasa kamar buɗaɗɗen fil ɗin maƙale mayafi. A hannun ƙasa akwai kan dalma da ƙugiya, an lulluɓe ƙugiyar da gezar roba. A hannun sama akwai cokula ɗaya ko biyu masu juyawa da walƙiya. A gwiwar da hannayen biyu suka haɗu ake ɗaura zare. Cokulan iri uku ne aka fi sani: Kolorado mai faɗi kamar ƙwai, wanda ya fi dukan ruwa; wilo siriri dogo kamar ganyen turare, wanda ya fi walƙiya da gudu; sai Indiyana da ke tsakaninsu.

Inda ƙarfin yake, da inda raunin yake

Da jan miƙe kawai ake yi wa wannan waya, zarenka zai tsinke sau goma ba ta ji komai ba. Nauyin kifi ba shi ne ke karya ta ba. Bas mafi girma da aka rubuta a Teksas laba 18.18 ne, wanda aka kama a tafkin Fork a 1992, kuma wanda wani mafatsi, George Perry, ya kama a jihar Jojiya a 1932, laba 22 da oza 4, bai fi kilo goma da ɗoriya ba. Yawancin waɗanda kake kamawa kilo ɗaya ne zuwa biyu. Abin da ke kashe wayar shi ne gajiyar ƙarfe. Ɗauki wayar rataye kaya ka lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya: sau na farko tana bin hannunka, can sai wurin ya taurare, ya yi gautsi, tsaga ta fara daga fatar ƙarfen, sai ta ɓalle ba tare da ka yi wani ƙarfi ba. Haka yake faruwa a gwiwar sifinabet, sai dai a hankali.

Gwiwar nan tun a masana'anta aka riga aka lanƙwasa ta sosai, wato ta ci wani kaso na rayuwarta kafin ta iso hannunka. Daga nan kowane jifa cokulan suna karkaɗa ta sau ɗaruruwa. Wannan karkarwa ƙarama ce, waya mai kyau tana jure mata tsawon lokaci. Babbar ɓarna tana zuwa ne idan kifi ya buɗe ta har ta ƙi komawa da kanta, kai kuma ka sa yatsa ka mayar da ita. Buɗewa ɗaya da mayarwa ɗaya, zagaye guda ke nan na irin wancan lanƙwasa wayar rataye kaya. Gindin kai kuma dalilinsa daban: dalma ta riƙe wayar gam, babu inda za ta motsa a ciki, don haka duk wani lanƙwaso yana taruwa ne a daidai bakin dalmar, a wuri da bai fi faɗin ƙwayar gero ba.

To me ya sa masu ƙerawa ba sa sa waya mai kauri kowa ya huta? Domin sirantar wayar ita ce rabin abin da ke sa koton kama kifi. Siririyar waya tana kai bugun cokali har cikin kai da geza, gezar ta riƙa numfashi, kai ma ka ji bugun a sandarka. Kuma idan bas ya rufe baki a kanta, tana lotsawa ta ba ƙugiya hanya. Kaurin da aka saba gani na bas yana farawa daga inci 0.032, sai 0.035, 0.040, har 0.045, wato daga kusan milimita 0.8 zuwa 1.1. Ido ba ya ganin bambancin sosai, amma lissafi yana gani: taurin waya yana ƙaruwa ne da kaurinta a ninka shi a kansa sau huɗu. Waya mai 0.040 ta fi mai 0.032 kauri da kashi ɗaya bisa huɗu kacal, amma ta fi ta tauri kusan ninki biyu da rabi. Masu farautar manyan kifaye masu haƙori a arewacin Amurka har 0.051 suke hawa. Duba bayan kwalin da ka sayi naka. Idan rabin oza ne a kan 0.032, ka sayi abin da ƙwararrun gasa ke so, masu sauya koto bayan kifi kaɗan ba tare da sun damu da kuɗinsa ba.

Abubuwan da hannu ke yi

Na farko, kuma wanda ya fi kowanne ɓarna, shi ne ɗaga kifi da sanda a wurgo shi cikin jirgi. A cikin ruwa kifi ba shi da nauyin kirki. Da zarar ya bar ruwa, nauyinsa duka da bille-billensa suna rataye a kan gwiwar wayar. Duk kifin da ya haura kilo ɗaya, durƙusa ka kama shi a leɓen ƙasa da babban yatsa. Bas ba shi da haƙoran yanka, sai kaushi kamar sanfefa. Idan homa kake amfani da ita, nemi mai ragar roba, domin a ragar zare cokali yana sarƙewa, kifin ya yi ta juyi, ya murɗe hannun sama kamar ana matse wanki.

Na biyu, wajen cire ƙugiya. Hannun sama yana tsaye a fili kamar mariƙi, kowa shi yake fara cafka ya murɗa. Kada ka taɓa shi. Riƙe kan dalmar, ko ka kama ƙafar ƙugiyar da filaya, ka tura baya ka zare.

Na uku, zare da sanda. Sam Rayburn tafki ne mai ciyawar haidirila da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, shi ya sa mutane da yawa ke ɗaura saƙaƙƙen zare mai jure jan laba 50 su ƙulle birkin injin naɗi gam. Saƙaƙƙen zare kusan ba ya talewa. Idan ka haɗa shi da sanda mai tauri ka fizga da ƙarfi, babu abin da zai sha bugun sai wayar. Ga sifinabet na fi son zaren fulorokabon (wani zaren roba mai kama da nailan) ko nailan mai laba 17 zuwa 20, da sanda mai kimanin ƙafa bakwai, mai ƙarfi a gindi da ɗan laushi a kai. In dole sai saƙaƙƙe saboda kaurin ciyawa, sassauta birki yadda zare zai ɗan fita idan ka ja da hannu da ƙarfi, kuma ka daina fizga sama kamar mai saran itace. Kifin da ya ɗauki sifinabet yawanci a guje yake. Ka ci gaba da naɗi, ka share sandar gefe, ƙugiyar za ta shiga.

Akwai kuma maƙalewa. Idan koton ya kama kututture, jijjiga shi daga nesa buɗe wayar kawai yake yi. Matsa da jirgi ka zagaya bayan inda ya maƙale ka ja ta can, galibi da kansa yake fitowa. Sai kuma kifayen da ba ka gayyata ba. A ruwayen gabashin Teksas akwai bofin, mai muƙamuƙi kamar filaya, wanda ke birgima da koto a baki. Sifinabet ɗin da ya fito daga bakin bofin, a wurina, ya gama aiki ko da ya yi kyan gani.

Yadda ake miƙarwa, da ranar da za a haƙura

Miƙarwa ba ta da makawa, sai dai a yi ta da dabara. Riƙe koton ka dube shi ta gaba, hancinsa yana kallonka: hannun sama, kan dalma da tsinin ƙugiya su zama a layi ɗaya. Idan hannun ya karkata dama ko hagu, koton zai riƙa tafiya a kaikaice. Mayar da shi da yatsu a hankali, sau ɗaya, ka tsaya daidai inda ya dace. Wanda ya wuce gona da iri sannan ya dawo baya ya ci zagaye biyu a maimakon ɗaya. Idan filaya za ka sa, to mai santsin baki. Mai haƙora tana barin ɗan zane a jikin waya, kuma daga irin wannan zane tsaga ke farawa. Kafin ma ka taɓa wayar, tabbatar ita ce mai laifi, don koto yana iya kwanciya a gefe saboda ka sa masa cokali da ya fi ƙarfin kansa, ko kana naɗi da gudun da ya wuce kima.

Ƙa'idar da nake bi ita ce ƙirga manyan miƙarwa, ba ƙirga kifi ba. Babbar miƙarwa ita ce wadda wayar ta buɗe har ido ya gani daga nesa. A kan 0.032 ko 0.035, bayan ta uku nake ajiye shi. A kan 0.040 nakan kai biyar. Wannan ma'aunina ne, ba dokar masana'anta ba, wani zai ce na cika tsoro. Akwai alamu biyu da ba a jayayya da su. Idan ka zo mayar da waya ka ji ta bi hannunka da sauƙi fiye da jiya, kamar wayar jan ƙarfe, ba laushi ta yi ba, tsagewa ta yi a ciki. Sannan ka bi gwiwar da gindin kai da farce: in farcen ya tsaya a wani wuri, ko ka ga wani ɗan farin layi a kan ƙarfen, yanke zarenka nan take. Ka kuma riƙe ƙugiya da hannu ɗaya, waya da ɗayan, ka ɗan murɗa. A cikin dalmar nan wayar tana maƙale ne a idon ƙugiya. Idan ka ji motsi ko ƙas-ƙas, dalmar ta saki.

Wanda ka ajiye ba shara ba ne. Cire cokulan, majuyin (ɗan ƙarfen da cokali ke juyawa a kansa), duwatsun da ke jikin wayar da gezar, ka zuba a ƙaramin gwangwani. Majuyi mai boris, irin na kamfanin Sampo, da cokali mai kyau su ne mafi tsada a jikin koton, kuma ana sayar da kai da waya zalla da araha a shagunan kayan haɗa koto. Kan dalmar kuwa kada a jefa shi a ruwa, guba ce ga tsuntsayen da ke haɗiye shi.

Maganar taitaniyom

Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya faɗa. Wayar da ake kira taitaniyom gami ce ta nikel da taitaniyom, kuma kamfanin Terminator ne ya yi fice da ita. Ka lanƙwasa ta yadda ka ga dama, da ka saki za ta koma siffarta. Ga wanda ya gaji da miƙarwa bayan kowane kifi, wannan hutu ne na gaske, kuma tunda babu mayarwa da hannu, babban abin da ke gajiyar da waya ya fita daga lissafi. Sai dai tana da halinta. Ba ta gargaɗi: wayar ƙarfe takan nuna maka ta gaji, ita kuwa lafiya lau za ka gan ta har jifan da za ta ɓalle, kuma a waɗannan wurare biyu dai take ɓallewa. Ba ta kuma karɓar gyara. Ƙwararren mai sifinabet yakan matse hannun sama kusa da ƙugiya idan yana son gudu a sama-sama, ya buɗe shi idan yana son tafiyar hawainiya a ƙasa. Da taitaniyom yadda aka ƙera shi haka za ka yi amfani da shi. Ga tsada a kai. Ra'ayina, sayi ɗaya ka gwada a wurin da ƙananan bas suka yi yawa, inda za ka kama ashirin a yini. Kada ka juye akwatinka duka.

Akwai hanya ta tsakiya da ta fito daga jiharku. Stanley, kamfanin Teksas, ya yi suna da waya mai kauri a wajen kai da gwiwa, tana sirancewa zuwa wajen cokali, don a sami ƙarfi a inda ake karyewa da karkarwa a inda ake buƙatarta. Sannan akwai bambancin gwiwa. Buɗaɗɗiya, mai siffar harafin R, ita ta fi yawa, ta fi karkarwa, mai yiwuwa kuma ita ce ta karye maka sau uku. Murɗaɗɗiya, wadda aka naɗe ta zama rufaffen ido, ta fi jure buɗewa, amma zare yakan shiga cikin murɗin lokacin jifa ya yanke, don haka sai ka riƙa dubawa. Idan ka zauna a kan buɗaɗɗiya, naɗe wuyanta da saƙaƙƙen zare zagaye shida ko bakwai ka ɗiga sufagulu, ko ka zura mata ɗan guntun tiyon roba. Wannan yana hana ƙulli zamewa ya hau hannun sama, yana kuma rage yadda gwiwar ke buɗewa. Ba ya mayar da tsohuwar waya sabuwa.

Sauran sassan

Ba ka tambaya ba, amma zafin Teksas zai sa ka tambaya nan gaba. Geza tana riƙe ne da ɗan zoben roba, kuma but ɗin mota a watan Yuli yana dafa shi har ya tsage, ka yi jifa ɗaya ka ga ƙugiya tsirara. Tun yana sabo ka ɗaure bayan zoben da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye biyu, ka murɗe, ka yanke, ka kwantar da bakin. Gezar silikon ta fi ta roba zalla jure zafi. Ta roba ta fi rawa a ruwan sanyi amma tana narkewa ta manne. Idan kana ƙara wutsiyar roba mai gishiri a ƙugiya, cire ta kafin ka ajiye, gishirin nan cikin kwana kaɗan yake sa tsatsa. Ɗan lanƙwason da ke riƙe majuyi a ƙarshen hannun sama yakan buɗe, cokali ya sulale. Matse shi da filaya har bakin ya taɓa wayar. Ka ɗalli cokalin da yatsa: in bai yi ta juyi da kansa ba, akwai yashi ko zaren ciyawa a majuyin. Tsinin ƙugiya kuma a gwada shi a kan farce, in ya zame a goga masa magagari sau uku ko huɗu ta gefe guda. Bayan fatsa, bar akwatin a buɗe ya sha iska, kuma a rataye su ake ajiyewa, ba a cusa su a jaka ɗaya suna danne juna ba.

Daga nan ba zan iya yanke hukunci a kan guda huɗun nan ba sai da ganin bakin karayar, amma kai kana iya dubawa idan ragowar na hannunka. Sa gilashin ƙara girma, ko ka ɗauki hoto da wayar hannu ka zuƙo. Bakin da ya yanke a shafe, wani ɓangare ya dushe wani yana ƙyalli, gajiya ce: dusasshen tsohuwar tsaga ce, mai ƙyallin shi ne abin da ya rage ya riƙe har ranar ƙarshe. Bakin da ya lanƙwashe ya ja tsini, ƙarfi ne ya yi masa yawa a lokaci ɗaya, sai ka duba zarenka da birkinka. Wanda kuma ya karye a kifi na farko ko na biyu ba tare da ka taɓa miƙar da shi ba, wannan aibin ƙira ne, an matse gwiwar fiye da kima a masana'anta, kuma ya cancanci ka mayar da shi kanti da rasit.

In ni ne a Sam Rayburn, zan riƙe kashi biyu. Na ciyawa da kututture: rabin oza a kan waya 0.040, cokulan wilo biyu, fulorokabon laba 20. Na buɗaɗɗen ruwa da ranakun da ruwa ya yi sanyi ko ya gurɓace: oza uku bisa takwas a kan 0.035, da Kolorado a ƙarshe, in sayi bibbiyu na kowane launi tunda na san ba za su kai ƙarshen shekara ba. Ka ajiye alƙalami mai tawadar da ba ta gogewa a akwatin, duk babbar miƙarwa ka ɗiga ɗigo ɗaya a cikin cokalin ta gefen da ya lotsa, inda ruwa bai cika goge shi ba.